Minti Goma Sha Ɗayan da Suka Ɓace a Faifan Zayyanu

A shekarun da faifai ke tashe, kafin kowa ya koma tura abu ta waya, babu wanda zai shiga kasuwar Bagudo ya tambayi rumfar Zayyanu mai faifai a rasa mai nuna masa. Ita ce ta huɗu a layin masu gyaran rediyo, tsawonta taku shida, faɗinta huɗu. A ciki akwai benci biyu, da kwamfuta ɗaya da yake lulluɓewa da tsohon zane, da talabijin mai inci goma sha huɗu, sai ƙaramin janareta a baya wanda ke shan lita uku ranar kasuwa, in an matsa masa uku da rabi.

Zayyanu ɗan gida biyu ne. Mahaifinsa Bahaushe, mai gyaran rediyo a nan Bagudo. Mahaifiyarsa Bafulatana daga wata ruga a gefen Lolo. Ya tashi da harshe biyu a baki, ya gaisa da manomi da Hausa, ya juya ya yi ciniki da makiyayi da Fulatanci, bai ko ja numfashi ba. Da kaset na zare ya fara, a rediyon mahaifinsa mai baki biyu. Da ya ga zare ya fara mutuwa, bai tsaya zaman makoki ba, ya tattara ya tafi Kamba, ya yi wata bakwai a shagon wani mai kwamfuta, ya dawo da sana'a a hannu yana ɗan shekara ashirin da shida. Bayan shekara biyu ya auri Ni'ima, 'yar Lafagu, suka haifi Atika.

Mutum ne mai gaggawa, kuma komai nasa da lissafi. Ya san injin buga faifai na kwamfutarsa, wanda 'yan sana'a ke kira raita, yana gama faifai ɗaya a minti shida in an sake masa gudu. Goma ke nan a awa. Ranar kasuwa yakan buga saba'in: wa'azi, waƙoƙin biki, kokawa, da bidiyon suna da ɗaurin aure da yake ɗauka da kyamararsa. A allon kwamfutar akwai wani ɗan akwati da in ka danna, injin zai koma ya karanta abin da ya rubuta tun daga farko har ƙarshe, ya gaya maka ko akwai inda ya ɓaci. Zayyanu ya gwada shi sau uku a Kamba, ya ga yana cin wasu minti shidan. Saba'in za ta koma talatin da biyar. Tun ranar bai sake danna shi ba. Nasa gwajin daban ne: ya saka faifan a bidiyo, ya ƙirga sittin a zuci, in hoto ya fito murya ta fito, ya cire ya sa a leda. A shekara takwas, cikin faifai sama da dubu goma sha ɗaya, arba'in da uku aka taɓa dawo masa da su. Yana faɗin wannan lambar ko ba a tambaye shi ba.

A farkon wata damina aka yi zaman sulhu a Lafagu a kan burtali, hanyar da shanu ke bi tsakanin gonaki zuwa ruwa. Manoma na cewa shanu na cin gefen shuka, makiyaya na cewa garma na cin gefen hanya, kowace shekara taku ɗaya. A ɓangaren makiyaya mai magana shi ne Yero, ɗan uwan mahaifiyar Zayyanu. A ɓangaren manoma kuwa Malam Bunyaminu, wan mahaifin Ni'ima. Dattawa suka ce a ɗauki zaman a bidiyo don kada gobe wani ya ce bai faɗa ba, kuma kowane ɓangare ya yarda Zayyanu ya ɗauka, tunda kowa na da rabo a jikinsa.

Awa ɗaya da minti hamsin da biyu aka yi. Awar farko duk gaisuwa ce da addu'a da tone-tonen abin da ya faru tun zamanin kakanni. Ainihin alkawarin sai can a ƙarshe aka yi shi, mutane sun gaji, wasu har sun miƙe suna kakkaɓe riga. Washegari Zayyanu ya buga faifai biyu, kowanne ya cika maƙil har baki. Ya ƙirga sittin ɗinsa a kan kowanne, ya ba Yero ɗaya, ya ba Malam Bunyaminu ɗaya. Kowa ya kai gida, aka kalli farko-farko aka ga fuskar 'yan uwa aka yi dariya, aka adana.

Bayan wata uku da rabi, gero ya nuna, ana shirin yanka, sai ga Yero a bakin rumfa da hantsi, sanda a kafaɗa. Bai zauna ba.

"Kawu, barka da hantsi. Ya shanu?"

"Shanu suna inda surukinka yat tsai da su." Ya zaro faifai daga aljihun riga, naɗe cikin leda biyu. "Saka wanga. Kada ka tsaya ga gaisuwa, kai mu ƙarshe."

Zayyanu ya saka, ya tura gaba. Ga Malam Bunyaminu a talabijin ya miƙe tsaye, ya gyara hula, ya ɗaga hannu, ya buɗe baki. Sai hoton ya farfashe gida-gida, murya ta yi ƙiii, komai ya sandare. Agogon bidiyo ya tsaya a awa ɗaya da minti arba'in da ɗaya.

Ya cire ya goge da gefen riga. Ya sake sakawa, ya cije a wurin. Ya saka a kwamfuta, nan ma haka.

"Daidai inda za ya ce taki talatin," in ji Yero. "Ba gaba ba, ba baya ba. Ashe faifai na jin Hausa? Ya san maganar da za ya haɗiye?"

"Wallahi Kawu ban taɓa komi ba. Aikin shina nan cikin kwamfuta cikakke, yanzu in buga maka wani."

"Au, shina nan!" Yero ya juya ya dubi mutanen da suka fara taruwa. "Kun ji ko? Wata uku da rabi cikakken shina nan, ni aka ba guntu. Jiya mun kai shanu, surukinai ya ce taki ashirin anka yi. Na ce a kawo faifai. Gaban mutane anka saka, gaban mutane yak kunyata ni." Ya miƙa hannu ya karɓe abinsa. "Ba ni son sabo. Wanda kab ba ni da hannunka, shi na shaidata."

Bayan la'asar Malam Bunyaminu ya iso da nasa. Faifan nasa ma a daidai wurin ya tsaya, har daƙiƙa kusan ɗaya. Shi bai ɗaga murya ba, abin da ya fi ciwo ke nan.

"Zayyanu, na ba ka ɗiya ban tambayi ko kai ɗan wa ne ba. A ƙarshen zaman nan Yero ya ce shanu ba su bi ta nan sai an yanke gero. Kowa ya ji. Shi ne wurin da babu. To, jinin uwa ya ja ka, ban ga laifinka ba. Amma da ka hwaɗa mani."

"Baba, shi kuma cewa ya yi don kai na yanke."

"To don wa ka yanke?"

Tambayar ke nan da ta zagaye kasuwa. Ba a tambayar ko ya yanke, don wa kawai ake tambaya. Kasuwar da ta biyo baya faifai goma sha tara ya buga. Ta gaba, takwas. Wani mutum da ya riga ya kira shi ɗaukar suna ya aiko a ce ya bari, an fasa bidiyo, amma Zayyanu ya ga Hassan, mai rumfar faifai ta ƙarshen layi, ya wuce da kyamara ranar. In Zayyanu ya nufi teburin mai shayi hira kan mutu sai ya wuce. Har suna aka sa masa, mai almakashi. Sana'arsa kuwa ba faifai ba ce, kowa na iya sayen faifai. Sana'arsa ita ce mutane su yarda abin da ya shiga kyamararsa shi zai fito, ba ragi ba ƙari. Wannan ce ke zubewa, yana gani.

Ya shiga zargin komai. Ya zargi raita, ya kwance ta, ya hure idon, ya buga faifai biyar na gwaji daga sabon kayan da yake aiki da su, duk suka fito lafiya. Ya zargi janareta. Ya zargi Hassan, har ya zauna yana tuna ko akwai ranar da ya tafi salla ya bar rumfa a buɗe, ya samo rana huɗu, amma Hassan ko kwafa bai iya da kyau ba balle yanka. Ya zargi Yero da Malam Bunyaminu, ya ce a ransa ko kowanne shi ya kankare nasa, sai ya tuna mutum biyu da ba sa ga maciji ba za su kankare wuri ɗaya ba.

Wata rana da azahar yana cin tuwo a gida, ya ajiye loma ya dubi Ni'ima.

"Ranar da na buga faifan nan, a nan gida suka kwana."

"To?"

"Baba ya zo gidan nan ranar?"

Ta ajiye ludayin da ke hannunta a hankali. "Baban Atika, ƙarasa. Ka ce na tashi na ɗauko wuƙar yanka kuɓewa na yanke minti goma sha ɗaya na kai ma Baba cikin kwano."

"Ni ban ce ba."

"Idonka ya ce. Ni da ban san inda aka kunna abin ba. Kai da ka san yawan ƙwayar shinkafar da ke cikin tukunyata, ka rasa abin ƙirgawa sai ni? Faifan nan biyu kaɗai suka zo duniya? Ba su da 'yan uwa? Ina sauran da anka kawo su tare, mi ya sa ba wanda ya dawo da nashi?"

Bai ƙarasa tuwon ba. Ya wanke hannu ya koma rumfa.

Ya san kayan. Guda ɗari ne, jeri biyu na hamsin-hamsin, Hamma ɗan kabu-kabu ya kawo masa daga tsallaken iyakar Benin a farkon damina, kamar yadda ya saba kawowa. Ya yi aiki da casa'in da ɗaya, tara suka rage, da sabon kaya ya zo ya tura su ƙarƙashin tebur. Cikin casa'in da ɗayan, biyu na sulhu. Ya bi sauran tamanin da taran a kansa: wa'azin minti arba'in, waƙoƙi, sunan da bai kai awa ba. Babu ko ɗaya da ya wuce awa ɗaya da kwata. Raita kuwa daga cibiya take fara rubutu, kusa da ramin tsakiya, tana zagayawa tana faɗaɗa zuwa baki, kamar yadda mata ke saƙa faifan rufe ƙwarya. Farkon magana a ciki, ƙarshenta a baki. Cikin ɗarin nan kaf, biyu ne kaɗai rubutu ya kai bakinsu.

Ya jawo taran nan ya fita rana. Ya karkata ɗaya. A can gefe, zagaye da bakin, akwai wani dishi-dishin zobe mai launin shayin da aka cika wa ruwa, faɗinsa bai wuce farce ba. Na biyu haka. Duka taran haka. Ya duba 'yan lambobin da ke jikin cibiya, waɗanda a sabon jeri suke bin juna, ya tarar da su a hargitse. Tsakanin na shida da na bakwai ya sami ƙwayar yashi.

Wani ya buɗe kayan nan kafin su iso hannunsa.

Ya sami Hamma a tashar 'yan kabu-kabu, kwance a kan babur yana sakace. Abokai ne tun makarantar firamare, ba a ɓoye-ɓoye.

"Hamma, kayan farkon damina, wa ya buɗe su?"

"Wane kaya? Ni a rufe na kawo maka. Ba ka ga leda ba?"

"Na ga leda. Na kuma ga yashi a ciki. Kamfanin ne ke zuba yashi kyauta?"

"Ƙila ƙasarsu hamada ta."

"Hamma."

Hamma ya tashi zaune, ya duba hagu ya duba dama, ya tofar da tsinken. Ya ce rafi uku ake ƙetarewa a hanyar daji, ranar an kwana ana ruwa, a na biyu babur ya kwanta da shi. Kwalin ya sha ruwa har ya ƙoshi. Ya tsaya gidan yayarsa, ya zazzage faifan, ya baje su ɗaya-ɗaya a tabarma, tun hantsi har azahar.

"A rana?"

"To a ina aka shanya abu? Kamar shinkahwa na baje su, har ina juya su. Sun bushe ƙayau, suna ta walƙiya. Na goge da rawani, na jera, na naɗe da leda na liƙe da wutar kyandir. Wallahi sun fi kyau da sadda na saye su. Taimakonka na yi, kai ba ka da godiya."

Zayyanu ya rasa ko dariya zai yi ko ya shaƙe shi. Ruwa ya shiga ta baki, rana ta gasa wurin. Ya ce, "Ka zo ka faɗi haka gaban Yero da Baba."

"Ni? In ce kaya na jiƙewa a hannuna? Gobe wa za ya ba ni saƙo? Kai dai naka ya ɓaci, sai ka haɗa da nawa? Kuma in na hwaɗa, Yero cewa za ya yi ka saye ni da lita biyu."

Wannan ta ƙarshen gaskiya ce, Zayyanu ya sani. A kan hanyar komawa wata gaskiyar ta biyo shi, wadda ba ta da daɗi. Hamma ya jiƙa, rana ta gasa, amma da ya danna ɗan akwatin nan ranar, da injin ya gaya masa tun faifan bai bar rumfa ba. Tsimin minti goma sha biyu ya yi, shida-shida.

Baki ba zai wanke shi ba, sai ido. Ya hau babur ya je har ruga ya sami Yero, ya ce ranar kasuwa ya zo ya ga abu, in bai gamsu ba shi da kansa zai rufe rumfar. Ni'ima kuma ta je Lafagu ta yi wa baffanta magana, ba ta gaya wa mijin abin da ta ce ba, amma ya zo.

Ƙarfe tara na safe suka hallara. Yero a benci ɗaya, Malam Bunyaminu a ɗayan, tsakaninsu wurin da mutum uku za su zauna amma ba wanda ya zauna. Mutane suka cika bakin rumfa, Zayyanu ya ƙirga ya kai arba'in da shida ya bari. Ya baje faifai taran a tebur.

"Waɗanga 'yan uwan naku ne, jeri ɗaya. Kawu, zaɓi guda."

Yero ya daɗe yana kallo. Ya nuna ɗaya da sanda, da ya ga Zayyanu ya miƙa hannu da sauri sai ya ce a'a, wancan.

"Ina da bidiyon kokawar da anka yi bayan salla, awa ɗaya da minti hamsin da biyar. Babu burtali a ciki, babu gero, babu surukina, babu kawuna. Zan buga shi gabanku. In ya kai ƙarshe, ni na yanke naku."

Ya buga. Wannan karon ya danna akwatin. Injin ya rubuta, ya koma yana karantawa, ya yi nisa, can kusa da ƙarshe ya fara gurnani, sai jan rubutu ya fito a allo. Zayyanu ya nuna da yatsa.

"Kun gani? Ita da kanta ta ce bakin ya ɓaci."

"Kwamfutarka ta," in ji Yero. "Abin da kak koya mata shi za ta hwaɗi. Saka mu gani."

Ya saka a bidiyo, ya ɗauki rimot zai tura gaba.

"Aje wanga abu," in ji Malam Bunyaminu. Karo na farko ke nan da bakinsu ya zo ɗaya. Yero ya karɓi rimot ɗin ya sa a aljihu, ya ɗora hannu a kai.

Haka aka zauna kallon kokawa da rana tsaka a ranar kasuwa. Da farko fuska a ɗaure. Zuwa minti na ashirin an fara ihu. Mai rake ya matso, mai fura ta kafa ƙwarya a gefe. Zuwa awa ɗaya wasu sun manta abin da ya tara su, ana gardamar wane ne zai kai wane ƙasa, ko da yake rabin masu kallon suna filin ranar da aka yi ta. Zayyanu kaɗai ba kokawa yake kallo ba, agogon bidiyo yake kallo. Awa ɗaya da talatin. Da talatin da takwas. Da arba'in da ɗaya, hoto na tafiya sumul.  In wannan da Yero ya zaɓa shi ne mai ɗan dama-dama fa? Da kansa ya ce zai rufe rumfa, ga kuma shaidu sun taru. Arba'in da biyu. Yero ya waiwayo ya dube shi.

Arba'in da uku, karon ƙarshe, babban ɗan kokawa ya sunkuci abokin karawarsa ya ɗaga sama. Nan ya tsaya, da mutum a sama, ƙafafu na kallon rufin rumfa. Hoto ya farfashe, murya ta yi ƙiii.

Kasuwa ta ɗauki ihu.

"Kai! Sauke shi mana!"

"Mai almakashi ya yanke! Wanda za a kayar ɗan uwan matatai ne!"

Aka fashe da dariya, wannan karon da shi ake yi, ba shi ake yi wa ba. Zayyanu ya cire faifan ya fita rana, ya karkata shi, ya nuna wa Yero zoben, ya nuna wa Malam Bunyaminu. Ya ce su fito da nasu. Kowa ya kwance ledarsa, suka karkata a rana kamar masu duba jabun kuɗi. Zoben na nan a duka biyun.

"Ruwa ya shige su a hanya, rana ta gasa bakin," in ji shi. "Amma ni ya kamata in duba har ƙarshe kafin in ba ku, ban duba ba. Farko na kalla, na ce ya yi."

"Wa ya jiƙa su?" wani ya tambaya.

Daga can baya aka ji muryar Hamma, ta fi ta kowa ƙarfi. "Ai faifan zamani ba su da ƙwari! Ko raɓa ta taɓa su shi ke nan!"

Zayyanu bai ko dubi wajen ba. Ya ce Yero ya yage ledar sabon jeri da hannunsa. Ya raba zaman sulhun gida biyu, minti hamsin da shida-shida, don kada rubutu ya kusanci baki. Ya rage wa injin gudu, ya danna akwatin a kan kowane faifai. Huɗu ya buga, biyu na Yero, biyu na Malam Bunyaminu, aka tafi azahar aka dawo yana kan aiki. Mutanen biyu suka yarda a tsallake faifan farko, gaisuwa ce. Na biyu kuwa aka kalle shi daga farko, rimot na aljihun Yero.

Aka zo wurin. Malam Bunyaminu na talabijin ya miƙe, ya gyara hula, ya ɗaga hannu, ya buɗe baki, wannan karon magana ta fito: taki talatin, daga tsamiya zuwa suri, kuma ba mai sa garma a ciki. Malam Bunyaminu na kan benci ya sunkuyar da kai yana duba takalminsa. Yero ya gyara zama, ya fara murmushi. Murmushin bai yi minti huɗu ba, sai ga Yero na talabijin ya dogara sanda yana cewa shanu ba za su bi ta nan ba sai an yanke gero an ɗaure, in sun bi a kama shi.



"Talatin dai ka ce," in ji Yero.

"Kai kuma ka ce sai an yanke. An yanke?"

"Saura kwana nawa?"

"Ko saura wuni ɗaya ne, an yanke?"

Suka miƙe suna yi, suka fita suna yi, mutane suka bi su. Zayyanu ya tsaya a tsakiyar rumfa, ya lura rabonsa da ganin taron da ba shi ake kallo ba mako uku ke nan. Malam Bunyaminu ya dawo ɗaukar faifansa, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce a gaida Ni'ima, a ce mata ya ji saƙonta. Yero kuwa ya ajiye rimot a tebur, ya naɗe sababbin biyu da tsohon a leda ɗaya.

"Injinka ne, talabijin ɗinka ne," ya ce. "Sai na kai shi inda ba a san ka ba."

Kwana tara ba labarinsa. A tsakanin nan an yi kasuwa, Zayyanu ya buga ashirin da shida, kowanne da akwatinsa a danne, masu jira na ƙorafin ya koma tsoho. Wasu makiyaya uku suka tsaya daga nesa suka dubi rumfar, ba su shigo ba, ba su kuma tafi wajen Hassan ba. Ya gane Yero suke jira.

Rana ta goma da hantsi Yero ya shigo. Ya jingine sanda, ya zauna a benci, ya bari aka gaisa har aka tambayi shanu da mutanen gida.

"Na kai Lolo, ya kai ƙarshe. Na ba wani direba ya kai Kamba, can ma ya kai ƙarshe." Ya dubi talabijin da ba a kunna ba. "Asabar ta sama muna ɗaurin auren ɗan ƙanena. Ka taho da kyamararka tun da sahe."

"In Allah ya yarda, Kawu."

"Na gayyaci surukinka, an yanke gero. In an kawo nama ka tsaya kusa da shi, ka ɗauke shi shina ci. Mutum ne mai mantuwa."